Namibiya, Nefal ko Maraɗi: ina ɗalibi zai je koyon yadda jama'a ke kula da albarkatun ƙasarsu?

Kafin ka biya kuɗin makaranta a ƙasar waje, duba abin da jama'arku ke rigima a kansa a gida: namun daji ne, itacen girki, ko burtali da mashaya? Amsar ita za ta zaɓa maka ƙasa.

Idan namun daji ne, Namibiya ce kan gaba. Dokar 1996 ta ba ƙauyuka ikon cin moriyar dabbobin yankinsu kai tsaye, kuma yanzu akwai irin waɗannan yankuna sama da 80. Sai dai kuɗin daga 'yan yawon buɗe ido da mafarauta yake fitowa, shi ya sa korona ta durƙusar da su a 2020. Shirin CAMPFIRE na Zimbabuwe, na raba wa ƙauyuka kuɗin namun daji, wanda ya fara a 1989, ya fi dacewa da mai son ganin inda gizo ke saƙar: ƙananan hukumomi aka ba ikon, sukan cire kasonsu kafin kuɗi ya isa ƙauye.

Idan itacen girki ne, Nefal ce. Dokar 1993 ta damƙa dazuzzuka a hannun ƙungiyoyin masu amfani da su, kowace da tsarin yankan itace da asusunta. Matsalar ita ce harshe. Ta bakin tafinta, amsar shugabanni kawai za ka ji. Matar da aka hana shiga itace ba za ta buɗe maka ciki ba.

Ta fuskar harshe, Maraɗi da Damagaram ne suka yi zarra ga Bahaushe. Tun shekarun 1980 manoma ke sassaben zamani: a bar rassa kaɗan masu ƙarfi a kututturen gawo ko kalgo, a datse sauran, har itace ya tashi a cikin gona. An farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta haka. Da Hausa za ka yi hira da manomi, amma darasin jami'a da Faransanci ne, kuma sai ka bincika halin tsaro.

Duk inda ka zaɓa, nemi a rubuce makonni nawa za ka kwana a ƙauye, domin wasu kwasa-kwasan ziyarar yini ɗaya suke kira aikin fili. Tambayi ko kuɗin mota, tafinta da takardar izinin bincike suna cikin kuɗin makaranta. Galibi ba sa ciki, kuma izinin kan ɗauki watanni. Idan ka isa, roƙi kwamitin ƙauyen da ke kula da albarkatun su nuna maka littafin kuɗi da sunayen waɗanda aka ci tara, ka ga ko akwai makiyayi ko mace ko ɗaya a cikin masu yanke hukunci.