Gargaɗi: Naira 85,000 na tura masa, ya aiko mini da tsofaffin kayan taimin cikin sabon kwali

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. Akwai wani mutum da ke tallan kayan gyaran mota a Facebook da WhatsApp, yana cewa shagonsa na Kano, yana aiko da kaya Gusau ta motar haya. Ɗan damfara ne. Naira 85,000 ya ci mini, ban da 5,000 na kawo saƙo. 85,000, kuma da hannuna na tura.

Kafin wani ya ce ni na yi sakaci, ku tsaya ku ji. Shekara 11 ina riƙe da mota. Motata Honda Accord ce ƙirar 2000, mai silinda huɗu, wadda ake ce wa Bebi Boi. Na san a wajen taimin, wato abin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, bel take amfani da shi, ba sarƙa ba irin ta Accord ɗin da ake ce wa EOD mai silinda huɗu da ta biyo bayanta a 2003. Na san injinta irin wanda in bel ya tsinke fistin ke dukan bawul ne. Na ma san littafin motar ya ce a canza bel a mil 105,000 ko shekara 7, in kuwa ana yawan tuƙa ta cikin zafin da ya wuce digiri 43, a mil 60,000. Kun san zafin Afrilu a garin nan. Shi ya sa na tashi canzawa tun bai tsinke ba. Wanda ya yi haka shi ne sakarai?

Abin da ke hana ni barci shi ne kiran bidiyon da muka yi da shi kafin in tura kuɗin. Ni ban tambaye shi komai ba tukuna, shi ya fara cewa: "Alhaji, turo mini lambar shasi, guda 17 ɗin nan, da lambar da ke jikin inji. Ba na sayar da kayan taimin da ka." Na ɗaga bonet na karanta masa F23A. Ya ce: "To motarka bel biyu gare ta, babba na taimin da ƙarami na balansa, tenshina (abin da ke ɗame bel kada ya yi sako-sako) ma biyu, kuma babban shi ke juya famfon ruwa. In za ka buɗe, canza su duka, kada ka biya kuɗin aiki sau biyu." Wallahi duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kalma ɗaya babu ƙarya. Ya ɗago kwalin gaban kyamara, ya juya shi, ya nuna mini leda a manne. Sannan ya ce shi ma jinin Zamfara ne ta wajen uwa, ba zai cuci ɗan'uwansa ba. Ina zaune cikin motar a Tudun Wada, ƙofa a buɗe, na danna na tura 85,000. Kullum sai na koma wannan minti ɗin. "Ba na sayar da kayan taimin da ka." Wa zai ji wannan bai sakankance ba?

Ranar da motar ta mutu mini, da iyalina a ciki. Mun fito daga Tsafe za mu dawo gida, bayan la'asar, muna gab da dutsen Kwatarkwashi, sai na ji wani ƙas-ƙas a gaba, inji ya ɗauke ɗif. Na gangara gefen titi. Na murɗa makulli, sai injin ke juyawa sakayau, da sauri, ba nauyi. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayuwa ba ne in rana ta yi sanyi. Maiɗakina ta rungume ƙaramin, ba ta ce komai ba sai "Maigida, mu yi ta addu'a." Wani mai Golf, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗauke su zuwa Gusau, ni na tsaya har aka samu mai jan mota. 25,000 na biya. Kwana 19 ke nan da sa kayan. Kwana 19.

Na tsallake wani abu. Ranar da kayan suka iso tasha, ranar Talata ce ko Laraba, na kai wa makanikina. Ya ɗauki tenshinar ya murza ta kusa da kunnensa, ya ce: "Oga, wagga tana ɗan kuka hwa." Na ce sabuwa ce, gar a leda, da idona na ga kwalin. Bai ce kada a sa ba, wannan ina so a sani, bai ce kada a sa ba. Na kira mutumin a gabansa, ya ce man da ke ciki ne bai warware ba, in ta yi zafi za ta daina. Ya rantse. Muka ɗaura.

Da aka buɗe injin bayan abin ya faru, tenshinar ce ta kafe, bel ya zubar da haƙora kusan tsawon tafin hannu, bawul 8 cikin 16 sun lanƙwashe. Makanikin ya kankare jikin tenshinar da sukundireba, fenti ya tashi, ga tsatsa a ƙasa, ga shatin tsohon noti a bakin ramin. Tsohuwa ce aka wanke aka fesa wa fenti. Rubutun da ke bayan bel ɗin kuwa, da babban yatsana na goga ya fita. Famfon ruwan har ya fara tsiyaya. Kwali kawai ne sabo. Yanzu ana maganar tof silinda, wato saman injin inda bawul suke, da gasket da sabon kayan taimin, lissafi ya haura 240,000, a kan 85,000 ɗin da na riga na zubar.

Tun a bakin titin na kira shi. A'a, da dare ne, bayan na isa gida. Ya ɗauka ya ce Innalillahi, zai aiko mini da wasu kyauta. Da safe lambar a kashe, ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya canza suna. Ƙanena da ke Kano ya shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da hoton shagon da ya turo mini, ya yi yini guda yana tambaya, babu wanda ya san shi. Sunan da ke kan asusun bankin ma daban yake da wanda ya faɗa mini, na gani lokacin turawa, ya ce na yaron shagonsa ne.

Kada ku biya kuɗin kayan taimin sai makanikinku ya riƙe su a hannu. In tenshina ta yi ƙara, a mayar. In sunan asusu ya saɓa, ku fasa.

Hotunan hirarmu suna nan, da shaidar tura 85,000 ɗin, da muryarsa inda yake rantsuwa. Zan ɗora su da daddare in na dawo daga gareji, tare da hoton tenshinar da bawul ɗin, na tara su cikin leda a but ɗin mota. Duk wanda mutumin nan ya taɓa aiko wa kaya a Gusau ko Ƙaura ko Talata Mafara, don Allah ya ajiye motar ya buɗe murfin taimin yau, sannan ya neme ni, gobe zan kai ƙara wajen 'yan sanda.