Murhun tsimin itace da na saya da kuɗin adashi: ya ga azumi, ya ga Sallah biyu

Tun ranar sunan jikar Yaya, uwargidanmu, mata suke tambayata labarin murhun nan da suka gani a bakin rumfarmu, wasu har aiko yara suke yi a tambayo musu kuɗinsa. A lokacin na ƙi cewa komai, don kayan girki ba a yabonsu sai sun ga hidima. Yanzu ya yi azumi guda a hannuna, ya yi Ƙaramar Sallah, ya yi Babba, ya shiga damina. Zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dambatta. Mu goma sha uku ne a gida: Malam, Inna mahaifiyarsa, Yaya uwargida, ni, da yara tara. Girki kwana bibbiyu muke yi ni da Yaya, kuma ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, saboda haka wuta ba ta cika mutuwa a gefena ba. A kan duwatsu uku na koyi girki, a kansu na yi shekara goma sha bakwai a gidan nan. Abin da ya ishe ni shi ne itace. Marke da kiryar da iyayenmu suke ba da labari sun yi nisa da mu, sai reshen darbejiya, da sabara, da karan dawa, da totuwar masara. Itacen kirki daga nesa ake kawo shi a mota, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, ƙullin itace ya bi shi, ga shi sai ƙara ƙanƙancewa yake. Gas kuwa ba a maganarsa a gida irin namu, tukunya ɗaya ta tuwo ta ishe shi.

A gidan ƙanwata na fara ganin murhun, tana dafa shinkafa da 'yan tsinkayen itace uku da ni da su ko kunu ba zan dama ba. Da na kwashi adashi a watan Fabrairun 2025 na ba wa ɗan Yaya babba naira dubu goma sha takwas, ya je kasuwar Dambatta ran Lahadi ya sayo wajen wani mai walda da yake ƙera su. Ba shi da sunan kamfani a jiki, ba shi da kwali.

Ga yadda yake. Jikinsa na waje ƙarfe ne, tsayinsa bai kai gwiwa ba. A ciki an zuba masa gasasshen yumɓu mai kauri, irin na tukunyar ƙasa, shi ne yake riƙe zafi ya hana shi watsewa. A ƙasa akwai 'yar ƙofa da ake zura itace, da wata ragar ƙarfe da itacen yake hawa, iska ta bi ta ƙarƙashi ta riƙa hura wutar da kanta, toka kuma ta zube ƙasa. A sama akwai zoben ƙarfe da tukunya take nitsewa a ciki, harshen wuta ya lashi gindinta da gefenta a lokaci guda. A murhun duwatsu rabin wutar iska ce take kwashewa, ta gasa miki ƙafa ta bar tukunya. Shi wannan duk wutar wuri ɗaya take bi. Hikimar ke nan, ba wani abu ba.

Kwana biyun farko fentin jikinsa ya riƙa ƙonewa yana wari, har Inna ta ce kada a ɗora mata ruwan kununta a kai. Duk wadda ta saya ta fara hura shi a tsakar gida da tukunyar ruwan wanka sau biyu ko uku kafin ta ɗora abinci.

An ɗauki azumi ran Asabar, 1 ga Maris, zafi ya fara shigowa. A nan ya fara shiga raina. Mai girkin sahur ta san wahalar tashi ƙarfe uku na dare, ido da barci, kina durƙushe kina hura wuta hayaƙi yana shiga maƙogwaro. Da shi kara huɗu da 'yar totuwa sun isa, kafin in gama alwala ɗumamen tuwo ya yi zafi. Da yamma nakan dama kunun tsamiya, in sauke, in ɗora kaskon ƙosai a kan wutar nan ɗaya, yumɓun ya riga ya ɗauki zafi, mai ba ya hucewa tsakanin zubi da zubi. Ƙullin itacen da yake yi mini kwana ɗaya a da ya koma yana kai ni kwana biyu, wani lokaci ya ɗan taɓa na uku. Ban auna a sikeli ba, da idona na gani, kuma Malam da yake biyan kuɗin ya gani a aljihunsa. Ranar goma ga wata, da 'yan tashe suka shigo gida, ina tsakiyar suya amma na iya ɗaga kai na kalli wasansu, idona ba ya zubar da hawaye. Na taɓa ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Duk wadda ta ji tarin da Inna take yi da asuba, bayan shekara hamsin a gindin murhu, ba za ta yi musun wannan ba. Ba wai murhun ba ya hayaƙi ba ne. Yana yi lokacin kamawa, da lokacin da aka cusa masa itace da yawa, amma da wuta ta zauna sai ya ɗauke.

Goman ƙarshe na azumi su ne kwanakin da na fi so a shekara, kuma su ne suka fi cin ƙarfin mace. Gida yakan canja kama. Yara maza sun ɗebo farar ƙasa an shafe ɗakuna, an fito da kwanukan jere an wanke da toka an shanya a kan tabarma suna ƙyalli. Mai kitso ba ta da lokacin shan ruwa ko da an sha, 'yan mata sun yi layi a zaurenta. Kowace yamma sai an aiki yaro wajen tela ya dubo ko an taɓa ɗinkinmu. Malam ya auna hatsin zakkar fidda-kai, sa'i ɗaya ga kowane rai, har jinjirin Yaya. Ta kan katanga kina jin lugude a gidan maƙwabta, kina jin ƙamshin turaren wuta da ake haɗawa. Ko ba a faɗa miki ba kin san Sallah ta ƙaraso.

A irin wannan lokaci a da raina yakan ɓaci saboda lissafin itace: na suyar cincin daban, na dubulan daban, na gyaɗar sana'a daban, ga girkin buɗa-baki ba ya jira. Bana na soya cincin na fulawa tiya biyu da dubulan a yini ɗaya da itacen da bai kai ƙulli biyu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne wutar ba ta hauka. Dubulan ba ya son wuta mai ƙarfi, da ta yi yawa sai ya yi baƙi a waje ciki ɗanye. A nan in na janye itace ɗaya zafi ya ragu a hankali, in na tura ya ƙaru. Ko guda bai ƙone mini ba. Shinkafar nakiya ma a kansa na soya, ta yi ja daidai. Saboda aikin ya yi sauri, ranar jajibere da la'asar na samu na zauna aka yi mini ƙunshi, ƙafa da hannu, abin da na yi shekara huɗu ban samu ba sai dai in dangwala lalle a yatsu da daddare. 'Yata ta fari ce ta ɗaura mini, tana yi tana cewa, "Umma, kada ki motsa, ni zan duba miyar."

Sai aka ga wata, aka ce gobe Lahadi, 30 ga Maris, Sallah, azumi ya tsaya a ashirin da tara. A daren nan na gane iyakar murhun.

Tuwon Sallah ba tuwon gida ba ne. Za a kai gidan liman, gidan dagaci, gidan surukai, gidajen maƙwabta, ga almajirai, ga baƙin da za su biyo Malam daga Idi. Tukunyarmu ta Sallah tana cin shinkafa tiya huɗu, kuma ba ta shiga zoben murhun. Na gwada ɗora ta a sama, sai ta zauna a karkace. Yaya ta dube ni ta ce, "Amarya, kada mu yi wasa da tuwon Sallah, a dawo da duwatsu." Gaskiyarta. Muka gyara duwatsunmu uku a inda suke tun fil'azal, muka tuƙa tuwon shinkafa a kai. Murhun ƙarfen muka bar wa miyar taushe, kuma ya yi ta yadda ake so: kabewa ta narke, gyaɗa ta dahu ba ta kama gindi ba. Da safe tandar waina ta hau kansa, sai dai gurbin tsakiya ya fi na gefe samun wuta, dole ki riƙa juya tandar.

Ko a tuwon yau da gobe akwai wannan matsala. Murhun ba shi da nauyin da zai jure muciya. Talge ba damuwa, amma da an zo tuƙi, tuwo ya yi tauri, sai ya riƙa rawa a ƙarƙashin tukunya. Dabarar da na yi ita ce na haƙa ɗan rami na binne gindinsa kamar tsawon yatsa, na daɓe kewaye. Ya tsaya, sai dai ya daina ɗaukuwa zuwa inuwa ko cikin rumfa yadda nake so. Hannuwansa kuma ƙarfe ne tsirara, suna zafi sosai, gidan da ke da yara masu rarrafe sai an sa ido. Sannan ba ya karɓar gungume, sai an faskara itace siriri, aikin da yaran gidanmu suka yi ta ƙorafi a kai. Kara kuwa yana ci da kyau amma da sauri, mai girki da kara ba ta tashi daga wurin.

Bayan Sallah da sati biyu wata yarinya ta watsa masa ruwa don ta kashe wuta, yumɓun yana da zafi, ya tsage daga sama har ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata tsohuwa mai ginin tukwane a unguwarmu ta kwaɓa yumɓu da toka ta liƙe mini, ta ce in bar shi kwana uku ya bushe a inuwa. Har yau yana aiki, amma tsagar tana nan. Ba a kashe wutarsa da ruwa, janye itacen ake yi a turbuɗa shi a ƙasa. Da mai ƙera shi ya faɗi wannan tun farko, da ban yi asarar nan ba.

Akwai kuma abin da na riƙe shi da shi. Na aika a tambaye shi ko zai yi mini babban zobe da tukunyar Sallah za ta shiga, ya karɓi kafin alƙalami naira dubu biyu, ya ce kafin Babbar Sallah. Lahadi uku ana zuwa yana cewa a dawo. Har aka yi layya zobe bai zo ba. Aikin hannunsa mai kyau ne, waldarsa ba ta saki ko ɗaya ba, amma alkawarinsa bai kai aikinsa ba.

Babbar Sallah ta zo ran Juma'a, 6 ga Yuni, an riga an yi ruwan farko, itacen da muka tara a bayan rumbu ya sha danshi. Wanda ya taɓa suyar naman layya da jiƙaƙƙen itace ya san azabar. A nan murhun ya biya ni kuɗina. Na riƙa jingina itacen da zan sa nan gaba a jikinsa, zafin ƙarfen yana busar da shi kafin a zo kansa. Ranar Sallah da yamma na soya kayan ciki, aka ba wa Inna hanta tun da zafinta. Washegari, bayan an sauke ragon daga inda ya kwana a rataye an fitar da rabon maƙwabta da na mabuƙata, muka zauna suya tun hantsi. Kasko matsakaici yake ɗauka, don haka sai da muka yi zubi shida, amma ba wanda ya ƙone, kitsen ya narke a hankali muka tace kakiɗe mai kyau muka ajiye don ɗumame. Babbakar kai da ƙafa ba aikinsa ba ne, wannan sai buɗaɗɗiyar wuta, yara maza suka hura tasu a bayan gida da kara.

Inna har yanzu ba ta sake da shi ba, kuma na fahimce ta. Ta ce wutar da ba a zagaye ta a ji ɗumi ba, rabin wuta ce. Lokacin hunturu a gindin duwatsun nan jikokinta suke taruwa da asuba, tana gasa musu dankali a toka tana ba su labari. Murhun ƙarfe ɗuminsa a ciki yake, ba ya ba kowa. Shi ya sa ban ɗauke duwatsun ba, kuma ba zan ɗauke ba.

Wadda gidanta bai wuce mutum bakwai ko takwas ba, zai yi mata komai har tuwon dare. Mai babban gida irin namu ta saye shi don miya, kunu, suya da sana'a, ta bar tuwon taro a kan duwatsu. In za ki aika a sayo, ki aika da tukunyar da kika fi girki da ita a gwada a wurin, a ƙwanƙwasa yumɓun a ji ba ya ƙarar fasasshe, a duba kaurin ragar, don ita ce take fara cinyewa. Kada kuma ki ba da kuɗin wani ƙarin aiki sai kin gan shi a hannu.

Yaya ita ce za ta kwashi adashi bayan kaka, ta ce nata za ta sayo, babba, mai ɗaukar tukunyar tiya huɗu, kuma wannan karon da tukunyar a kan babur za a tafi Dambatta.