Sharhi kan gilashin Canon 50mm f/1.8 STM: yadda ya yi mini aiki a Kano shekarar korona

Duk wanda ke riƙe da ƙaramar kyamarar Canon, irin su 600D ko 1300D, yana kuma tunanin abin da zai ƙara saya bayan gilashin da kyamarar ta zo da shi, to wannan nake ba shi shawara ya fara nema. Ni ba mai hoton biki ba ne, ba da kyamara nake cin abinci ba, sha'awa ce kawai. Amma da wannan gilashin na ɗauki kusan duk hotunan da na yi a 2020, a cikin gari da bayan gari, har na san inda yake da ƙarfi da inda ba ya kai wa.

Canon ta fito da shi a 2015, a kan kusan dala 125, wato yana cikin mafi araha a duk gilasanta. Nauyinsa giram 160 ne, yana shiga aljihun riga. Gindinsa na ƙarfe ne, ba kamar wanda ya gada ba mai gindin roba, kuma injin da ke saita hoto a cikinsa ba ya ƙara sosai. Ba ya zuƙowa. In kana son abu ya matso, kai za ka taka ka je. In kana son faɗi, kai za ka ja da baya.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, a kan ƙananan kyamarorin nan, irin tawa 600D, 50mm ba ya zama 50mm. Farantin da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, don haka abin da za ka gani daidai yake da 80mm a babbar kyamara. Hoton ya tsuke ke nan. A wata shekarar da sai in ce wannan nakasu ne, amma a 2020 shi ne ya sa na ƙaunaci gilashin.

An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, bayan kwana biyar aka kulle gari, ranar 27 ga wata kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. A haka muka yi azumi, ba a yi Hawan Sallah ba. Sai a ranakun da ake buɗe gari don cefane nake rataya kyamara in fita, da takunkumina, kuma ka'idar da ake ta nanatawa a rediyo ita ce a bar tazarar mita biyu. To, a daidai mita biyun nan, in ka tsayar da kyamara a tsaye, gilashin zai ɗauko mutum daga hularsa zuwa ƙugu, ba ragi ba ƙari. Ban taɓa buƙatar matsawa jikin kowa ba. Mai kayan miya, ɗan adaidaita sahu da ya jingina yana jiran fasinja, yarinya mai tallan takunkumin atamfa, duk daga inda na tsaya na yi sallama na nemi izini, daga nan kuma na ɗauka.

Da yake rabin fuska a rufe take, komai ya koma kan idanu, kuma nan gilashin ya fi burge ni. In ka buɗe ƙofar haskensa zuwa f/1.8 ko f/2 (ƙaramar lamba tana nufin ƙofa mai faɗi), bayan mutum yana narkewa ya yi laushi, kwanukan shaguna da wayoyin lantarki su daina jan hankali, idanun su fito ras. Sai dai wurin da ke fitowa sarai a wannan buɗewar bai kai taƙi guda ba. In kyamara ta kama bakin takunkumi ko kunne, ido ya tafi. Shi ya sa nake zaɓar ɗigon saiti guda ɗaya, na tsakiya, in ɗora shi kan idon da ya fi kusa da ni. Galibi ma a f/2.8 nake barinsa, don a can kaifinsa ya fi na f/1.8 sosai.

Hoton da na fi ji da shi a marinar Ƙofar Mata na ɗauke shi, bayan an ɗage kulle a farkon Yuli. Jiragen ƙasashen waje ba su dawo ba tukuna, baƙin da ke zuwa kallo sun ɗauke ƙafa, ramuka da yawa a rufe. Na iske wani dattijo a tsugune yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa.

“Sannu da aiki, Baba. Ko za ka yarje mini in ɗauki hoto?”

“Ɗauka mana, ɗana. Amma ka tsaya daga nan, ka ga ni tsoho ne.”

Daga nan ɗin na tsaya. Hannuwansa kaɗai na ɗauka da ƙyallen. Shunin da ya kama fatarsa har gwiwar hannu, kumfar da ke saman ruwan, da yadda ƙyallen ke fitowa kore-kore kafin iska ta mayar da shi shuɗi, duk sun fito ba tare da na taɓa launin a kwamfuta ba. Da faffaɗan gilashi ne, sai na durƙusa kusa da shi kafin in sami wannan, kuma da bai yarda ba, da gaskiyarsa.

Ba komai na ɗauka ba. A makonnin da aka yi ta rasa dattawa a garin nan, ana wucewa da makara safe da yamma, ban ɗaga kyamara ga ko ɗaya ba. Gilashin da ke ba ka damar ɗaukar mutum daga nesa yana kuma ba ka damar ɗaukarsa bai sani ba, kuma ina ganin duk mai riƙe da shi ya kamata ya ji nauyin wannan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Inda tsukewar ta ƙi ni shi ne cikin lunguna. A bayan Kasuwar Kurmi, inda mutum biyu da ƙyar suke giftawa, babu wurin ja da baya. Kana son ɗaukar zaure da zanensa gaba ɗaya, sai ka ƙare da rabin ƙofa. Don ɗaukar mutum daga kai har ƙafa kana buƙatar sama da mita huɗu. Haka a saman Dutsen Dala: garin yana shimfiɗe a gabanka ta kowace fuska, amma gilashin yanki-yanki zai ba ka. Titunan da suka yi wayam a lokacin, irin wanda ya bi ta Kantin Kwari, faɗinsu ne abin mamakin, kuma wannan faɗin da gilashin 18-55mm, wanda kyamarar ta zo da shi, na samo shi. Wanda burinsa gine-gine da tituna ne, ya duba 24mm tukuna.

Ta fuskar haske kuwa ba a haɗa su. Gilashin da ke zuwa da kyamara, in ka zuƙo shi zuwa 55mm, a f/5.6 yake tsayawa. Shi kuwa 50mm ɗin, a f/1.8, hasken da yake shigarwa ya ninka wancan kusan sau goma. Gab da magariba, ko a gaban mai shayi da ƙwan fitila guda, ina samun hoto mai tsafta ba tare da walƙiyar kyamara ba. Amma ba shi da na'urar rage rawar hannu, saboda haka a saurin ɗauka ba na sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa in ba na jingina da bango ba.

Da damina ta kankama sai na koma bayan gari, inda babu cunkoso kuma mutum zai sauke takunkumi ya shaƙi iska: gonakin shinkafa na wajen Kura da Kadawa, da bakin ruwan Tiga. A can ya yi mini kyau fiye da yadda na zata. Yana iya saitawa a kan abin da ke santimita 35 daga kyamara, don haka raɓa a kan ganyen gero, furen kuɓewa, da fara a kan kara duk sun samu. Itace guda a tsakiyar gona, musamman gawo da ke tsaye babu ganye alhali komai ya yi kore shar, yana fitowa da kyau ƙwarai. Tsuntsaye kam a manta. Balbelar da ke bin shanu kaɗai ke bari a matso; shamuwa da zalɓe ɗigo suke zama a hoto.

Ba a yi shi don ya jure ruwa ko ƙura ba, kuma gabansa yana ɗan fitowa yana komawa yayin saiti. A garinmu wannan abin lura ne, balle da hunturu ya shigo da hazo. Na sa masa gilashin kariya mai faɗin 49mm, ba na cire shi daga kyamara a fili, kuma a lokacin da muke ta shafa man kashe ƙwayoyin cuta, sai hannuna ya bushe nake taɓa shi. Hular da ke tare masa rana daban ake sayenta. Ta cancanci kuɗinta in kana yawan fita da hantsi.

In na hannu za ka saya, je da kyamararka. Haska fitilar waya ta bayansa ka duba ko akwai farin zare-zare a ciki, wanda laima ke haifarwa. Ɗaura shi ka saita kusa, ka saita nesa, ka saurari injin. Ka tabbata an rubuta EF da STM a jikinsa, don tsohon samfurin yana nan da yawa a kasuwa kuma sunansu kusan ɗaya. Wanda kyamararsa ta sabon jerin R ce, sai ya haɗa da mahaɗi kafin gilashin ya zauna.