Allon rada mai aiki: Stormworks ko SimplePlanes?

Wa alaikumus salam ƙanina. Tunda tsakanin Stormworks da SimplePlanes, wasannin nan na haɗa ababen hawa, ka rasa wanda za ka saya don haɗa allon rada a jirginka, kuma ka ce laftof gare ka, to ka ɗauki Stormworks. Duka biyun ina da su, kuma a kan wannan aikin ba su kama ƙafar juna ba.

A Stormworks, rada na'ura ce da za ka ɗora a jikin jirgi da hannunka, ka ja mata wuta daga batir, ta riƙa juyawa tana gano abin da ke kewaye da kai, jirgin ruwa ne ko na sama. Tana iya ba ka labarin abubuwa 8 a lokaci guda, kowanne da lambobi 4: nisansa, kusurwarsa ta gefe, kusurwarsa ta sama, da tsawon lokacin da aka yi tun da aka gano shi. Ka ga 32 ke nan, daidai yawan layukan lamba da waya ɗaya ta bayanai ke ɗauka a wasan. Wayar nan za ka kai cikin maikrokwantirola, wato ƙaramar kwamfutar da ake ɗorawa a jirgin, ka rubuta 'yan layuka da yaren kwamfuta na Lua, ka tura hoton zuwa allo. Rubutun sashe biyu ne: a cikin onTick ake karanta lambobin, sau 60 yake gudu a daƙiƙa, zane kuwa sai a cikin onDraw. In ka cakuɗa su ba abin da zai fito.

Ga inda mutane suka fi maƙalewa, ka riƙe shi tun yanzu. Kusurwar da radar ke bayarwa ba da digiri take zuwa ba, da zagaye take zuwa: 0.25 shi ne digiri 90, 0.5 shi ne 180. Shi kuma math.sin, mai lissafin sin a Lua, wani ma'aunin kusurwa da ake kira radiyan yake so, don haka sai ka ninka lambar da 6.283 kafin ka ba shi. Sannan a allon wasan lissafin tsaye daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa, saboda haka abin da ke gabanka ragewa za ka yi daga tsakiyar allo, ba ƙarawa ba. In ba haka ba jirgin da ke gaban hancinka zai bayyana a bayanka. Abu na ƙarshe, da zarar hasken radar ya gota abu, ɗigonsa zai ɓace. Ka ajiye kowane ɗigo a tebur, wato jerin ajiya na Lua, tare da lokacin da ya shigo, ka riƙa dusashe launinsa har radar ta sake zagayowa. Wannan dusashewar ce ke sa allon ya zama kamar na gaske. Kuma kada ka wahalar da kanka da ƙaramin allo na 1x1, fiksel 32 ne kawai kowane gefe. Na 3x3 yana da 96, ya ishe ka da'irori uku na nisa da layin da ke shara.

Abin da ya sa wasan nan ya shiga raina, azumin da ya wuce ne. Ɗan yayata, haifaffen nan Jidda, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, kuma lissafi ba ya cikin abin da yake ƙauna a makaranta. Bayan tarawihi muka shiga wasan tare, ni ina tuƙa helikwafta, shi yana kujerar gefe da allon a gabansa. Dare ne a wasan, ga ruwan sama, ba ka ganin komai ta gilashi. Can sai ɗigo ya bayyana a gefen da'ira ta biyu, yaron ya miƙe tsaye yana cewa "Kawu, dama, dama, ga shi nan!" Muka bi ɗigon har fitilarmu ta haska jirgin ruwan da muke nema. Kafin sahur ya ɗauko littafinsa ya ce in nuna masa yadda sin da cos suka san inda za su ajiye ɗigon. Wallahi farin cikin da na yi a daren nan ya fi kuɗin wasan nesa ba kusa ba.

SimplePlanes kuwa, to, ana iya yi. Ya fito a waya a 2014, ya shiga Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, a 2015, kuma siffanta fiffike da gangar jirgi ya fi sauƙi a cikinsa, wannan ba musu. Amma abin da za ka samu a Funky Trees, tsarin rubuta lissafi na wasan, shi ne TargetDistance da TargetHeading, wato nisa da alƙiblar abu ɗaya tak, wanda ka riga ka zaɓa. Da su za ka riƙa tura ɗigo ɗaya a kan Label, ɓangaren da ke nuna rubutu a jikin jirgi, layin da ke juyawa kuma ado ne, ba abin da yake ganowa. In waya ce kaɗai a hannun mutum, ya yi maneji da shi. Kai ba haka kake ba.

Ka sani dai Stormworks yana cin ƙarfin kwamfuta, musamman in abin hawan ya yi girma, kuma sa jirgin sama ya tashi daidai a cikinsa yana son haƙuri. Da zafin garin nan, kada ka ɗora laftof a kan katifa kana wasa.

Sai maganar da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. Akwai masu tallar akawun na Steam a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, su ce maka wasa ɗari a 'yan riyaloli. Kada ka kusance su. Akawu ɗaya suke sayar wa mutane da yawa, imel ɗin yana hannunsu, ranar da suka ga dama su canza kalmar sirri, duk jiragen da ka ɗora da sunan akawun a Workshop, inda 'yan wasa ke raba abubuwan da suka haɗa, su tafi. Dokar Steam ma ta hana sayar da akawu, ba inda za ka kai kuka. Haka masu shagon da za su ce za su zuba maka wasan a kan kuɗi kaɗan: kwafin sata ne, ba za ka samu sabuntawa ba, ga haɗarin ƙwayar cuta a kwamfutarka. Na ga har masu sayar da rubutun rada da aka gama, alhali irinsa na nan kyauta birjik a Workshop.

Ka buɗe akawunka da imel ɗinka, farashin da riyal zai nuna maka. In ba sauri kake ba, ka jira rangwamen ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba. Steam yana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka yi awa 2 kana wasa ba, don haka da ka sauke shi ka fara gwada ko laftof ɗinka zai ɗauka. In ya ɗauka, ka fara da ƙaramin kwalekwale, rada ɗaya, batir ɗaya, allon 3x3. Sai ɗigo ya tsaya inda ya dace sannan ka kwashe kayan zuwa jirgin sama. In ya ƙi, turo hoton rubutunka nan guruf mu duba tare.