Cibiyar masu yoyon fitsari ta Jankwano, kamar yadda mai jinya ta gan ta

Duk mutumin Jos ya san Jankwano, asibitin da 'yan Mishan na SIM suka kafa a 1959, wanda yake hannun cocin ECWA, kuma yanzu ake kira Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. A cikinsa akwai cibiyar Evangel, wadda aka buɗe a 1992 domin mata masu yoyon fitsari, kuma a can na yi jinyar ƙanwata, 'yar kawuna, har kusan wata guda.

Kwana uku ta yi tana naƙuda a gida, kan jaririn ya tokare a ƙugu yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje. Jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da lalurar da ta raba ta da mijinta, ta hana ta shiga biki da makarantar Islamiyya, ta mayar da ita ɗakin baya inda take kwana a kan leda. Da na kawo shawarar Jankwano, Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Ke 'yar nan, asibitin coci, a garin da aka yi abin da aka yi?" Ban ga laifinsa ba, domin wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 ba ya saurin sakin jiki.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali ƙarami ne a ido. Ranar da muka isa, zanen ƙanwata ya jiƙe tun a mota, ta tsaya a bakin ƙofa kanta a sunkuye, tana jiran a toshe hanci kamar yadda aka yi mata a wani asibitin da muka fara zuwa. Sai wata dattijuwar nas ta taso ta kama hannunta, ta zaunar da ita kusa da ita a benci ɗaya, ta ce: "Sannu 'yata, kin sha hanya, nan duk 'yan'uwanki ne." Shekara biyu rabon da wani ya zauna dab da ita haka, kuma daga ranar take ce wa matar nan Mama.

Ba a karɓi ko kobo a hannunmu ba don aikin. Bayan an ɗinke wurin an bar mata robar fitsari kimanin mako biyu, ana matsa mata da shan ruwa, kuma likitan ya yi mana bayani da Hausa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ba kowane aiki ke kamawa a karon farko ba, dole ta ƙaurace wa shimfiɗar aure na wasu watanni, kuma duk haihuwar da za ta yi nan gaba a asibiti za a ciro ɗan. Wannan gaskiyar ta fi mini daɗin baki daraja.

Batun addini, wanda shi ne tsoron dangi, zan faɗi abin da na gani. Ma'aikatan Kiristoci ne kuma ba sa ɓoyewa. Suna addu'a, suna waƙoƙin yabo da Hausa. Amma ni a gefen gadonta nake shimfiɗa sallayata, ba wanda ya taɓa hana ni, ba kuma wanda ya gindaya mana sharaɗi kafin a taɓa ta. A ganina da hakan cocin nan ya samu amincewar mutanenmu, domin macen da kowa ke gudu ba ta manta wanda ya wanke ta.

Cibiyar tana koya wa matan sana'a irin su ɗinki da saƙa, kuma kowace shekara tana tara waɗanda suka warke. Ranar da aka zare robar, ƙanwata ta kwana ta tashi, ta shafa shimfiɗarta, ta kalle ni ta ce: "Yaya, na bushe." Bayan mun koma gida da 'yan watanni, Kawu da kansa ya biya wa 'yar maƙwabcinsa kuɗin motar zuwa Jos, ya kuma roƙe ni in raka ta.