Aure ko budurci: zaɓi biyu a cocin Turai

A Turai ta ƙarni na 12 da na 13, hanya biyu malaman coci suka shimfiɗa wa jikin ɗan Adam: aure, ko ƙaurace wa jima'i saboda ibada. Ba su ɗauke su daidai ba. Daga Jerom, wani malamin coci na farko-farko, suka gaji lissafin lada: budurci ninki 100, wadda mijinta ya rasu ta ƙi sake aure 60, mai aure 30. A 1139 babban taron shugabannin coci na Lateran na biyu ya ce auren limamin coci ba ya ɗauruwa.

Aure kuwa sai da aka nema masa hujja. Agustin, shi ma malamin coci na farko-farko, ya lissafa masa alheri uku: 'ya'ya, amana, da igiyar da ba ta tsinkewa. Amma abin da ya fi taɓa ni yana nan. Bisa wasiƙar Bulus ga Korintiyawa da ke cikin Baibul, masana dokar coci suka ce haƙƙin shimfiɗa bashi ne a kan miji da mata daidai wa daida. Miji ba ya barin gida ya shiga zaman rahbaniyya, wato keɓewa don ibada, sai matarsa ta yarda, alhali a sauran al'amura shi ne a sama. Wadda ta rayu cikin budurci kuma, irin Hildagad ta Bingen a ƙasar Jamus, ta samu sararin rubuta littattafai da shugabantar 'yan'uwanta mata masu zaman ibada.