Wata huɗu da ɗan agogon DS3231 a jikin Raspberry Pi

Raspberry Pi 4, ƴar ƙaramar kwamfutar nan, ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe ta. Tawa kuwa aikinta rubuta zafin ɗaki ne kowane minti goma, a wurin da babu intanet, don haka duk sanda ta mutu ta dawo sai lissafin lokaci ya dagule. Shi ya sa na sayi ɗan allon DS3231, irin shuɗin nan mai gurbin batir a bayansa.

Haɗa shi ba wani aiki ba ne. Wayoyi huɗu ne, biyu na wuta, sai biyu na aika bayanai, SDA da SCL, da ke shiga fil na 3 da na 5 na Pi. Wannan ita ce hanyar I2C da Philips suka fito da ita tun 1982, inda kowane cip ke da nasa adireshin a kan layi biyun nan. Na kunna ta ta raspi-config, na buga i2cdetect -y 1, umarnin da ke nuna adireshin abin da ke kan layin, sai ga 68 da 57 sun fito. Na farkon agogon ne, na biyun ƴar ma'adana ce AT24C32 da aka liƙa a allon, wadda har yau ban taɓa ta ba.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Na kira hwclock, umarnin karanta agogon, ya ce bai ga agogo ba, /dev/rtc0 ma babu shi. Abin da ban gane da wuri ba shi ne, kayan USB da kansu suke gabatar da kansu da zarar ka soka su, amma cip ɗin I2C amsa kira kawai ya iya, ba ya faɗin sunansa. Kuma adireshin 68 ɗin (0x68) ba nasa ne shi kaɗai ba, agogon DS1307 da cip ɗin auna motsi MPU-6050 duk nan suke zama. Dole kai ne za ka gaya wa Linux wanda ke wurin kafin ta ɗora masa direba, wato manhajar da ke sarrafa shi.

Layi ɗaya ne maganin, dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a cikin config.txt, fayil ɗin saitunan Pi. Amma ya cinye min yamma guda, laifina ne kuwa: na zuba shi a /boot/config.txt, alhali a sabon tsarin fayil ɗin ya koma /boot/firmware. Rubutun da ke sanar da haka yana saman fayil ɗin, gaggawa ta hana ni karantawa.

Da na sake kunnawa sai na ga UU a gurbin 68. Gabana ya faɗi, har na fara cire wayoyi ina duba inda na liƙa da dalma. Ashe albishir ne, alama ce direba ya kama adireshin. Sunan direban rtc-ds1307, kada wannan ya rikita ka, shi ke kula da dangin gaba ɗaya. Daga nan ɗan shirin Python da na rubuta don karanta agogon kai tsaye ya daina aiki, tunda wurin ya yi mai shi. Na share shi ban yi da-na-sani ba. Na saita lokaci da hwclock -w, na cire fake-hwclock, shirin da ke kwaikwayon agogo idan babu na gaske, shi ke nan.

Inda nake da ƙorafi shi ne allon kansa. Masu haɗa shi sun sa da'irar cajin batir, diyod ɗaya da resista ɗaya, don batir mai caji LIR2032, ba su rubuta komai a jiki ba. Ni kuwa CR2032 na sa, wanda ba a cajinsa, kuma in ka ba allon volt 5 tura masa wuta zai riƙa yi har ya kumbura. Volt 5 ɗin ma haɗari ne ga fil ɗin Pi, don a 3.3 suke aiki. Na bar shi a 3.3, sannan na ɗaga resistar da bakin ƙarfe mai zafi don hankalina ya kwanta.

Cip ɗin dai ya cika alkawari. Takardar bayaninsa ta ce kuskurensa wajen minti ɗaya ne a shekara, ni kuma bayan wata huɗu da na gwada shi da lokacin intanet ban ga bambancin da ya kai sakan goma ba. Zan sake saya, amma zan fara juya bayan allon in duba. Yanzu MPU-6050 nake son ƙarawa a layin, sai na ɗaure ƙafarsa ta AD0 a wuta ya koma 0x69 kafin su fara rigimar adireshi.